Yadda na gyara motar da ke juyewa a kwana

Wata biyu da samun aiki a kamfanin wasannin kwamfuta na tseren mota, aka ɗora mini sarrafa sitiyari. Na gina riƙon taya da kwalta a kan lissafin Pacejka, wanda ke kwaikwayon yadda tayar gaske ke kama hanya, motar ta zama kamar ta gaske. Amma masu wasa da na'urar hannu, wadda ake tuƙi da babban yatsa a kanta, da sun shiga kwana sai motar ta juye.

Na fara ƙara wa tayoyin baya riƙo. Masu wasa da sitiyari suka ce motar ta mutu a hannunsu, kuma gaskiyarsu.

Sai na mayar da lissafin yadda yake, na gyara umarnin yatsa kawai: in gudu ya ƙaru, iyakar karkatar tayoyin gaba ta ragu, karkatar kuma ta zo a hankali. Babban yatsa ba shi da tazarar sitiyari mai digiri 900. Yanzu kowa na wuce kwanar.