Yadda za ka gwada nauyin iska da kanka, daga tsakar gida zuwa kan Dala

Iska tana da nauyi, kuma ba ƙaramin nauyi ba. A bakin teku, kamar Legas, kowane santimita murabba'i ɗaya na jikinka, wato kamar faɗin farcenka, yana ɗauke da kusan kilo 1 na iska. Ba ma ji ne saboda jikinmu ma yana turowa daga ciki daidai gwargwado. Abin da ya riƙe iskar nan bai bar ta ta tsere ba shi ne jan ƙasa, wanda wasu ke ce wa maganaɗisun ƙasa, amma fa ba mayen ƙarfe ba ne, komai yake ja, ƙarfe ko auduga ko iska.

Ka tuna shagon mai katifa a Sabon Gari in ya jibga katifu goma sha biyar, ta ƙasa ita ce ke shan wahala, ta lotse ta matse, ta sama kuwa tana nan ɓul-ɓul abinta. To haka iska take. Ta ƙasa a matse take, ta sama sakayau. Shi ya sa rabin iskar duniya gaba ɗaya tana ƙasa da kilomita 5.5 ne kawai.

Fara da na tsakar gida. Samu kofin gilashi mai baki sumul, cika shi fal da ruwa, ɗora kwali mai ɗan ƙarfi ko murfin roba mai laushi a kai, danne da tafin hannu ka kifa shi, sannan ka zare hannunka a hankali. Kwalin zai tsaya, ruwan ba zai zubo ba, iskar da ke ƙasa ce ta tokare shi. A kan baho za ka yi don Allah, kada ka jiƙa wa Hajiya ɗaki ka ce ni na sa ka.

Na biyu shi na fi so, na waya. Wayoyi da yawa, musamman manyan Samsung da iPhone, suna da na'urar auna matsin iska a ciki, wato yadda nauyinta ke danne mu, barometa sunanta, wasu ƙananan wayoyin kuma babu, sai ka sauke manhajar barometa ka gani ko za ta yi aiki. A bakin teku lambar da aka saba gani ita ce 1013 hPa, hPa ɗin nan shi ne ma'aunin matsin iska. Kano tana sama da teku da kamar mita 480, don haka kai abin da za ka gani wajen 955 zuwa 960 ne. In ka ga manhajar hasashen yanayi tana nuna maka dubu da wani abu a Kano kada ka ruɗe, sun mayar da lissafin ne kamar a ce garin a bakin teku yake, kai ainihin abin da wayarka ta auna kake nema.

Ka je gindin Dala da safe, rubuta lambar, hau har sama, huta minti biyu, sake rubutawa. Cire ta biyu daga ta farko, abin da ya rage ka ninka shi da 9, amsar ita ce kusan mitocin da ka hau, domin a zafi irin namu duk mita 9 da ka hau matsin yana raguwa da kamar 1 hPa. Ko bene mai hawa uku ka hau za ka ga ta motsa. Amma kada ka auna ƙasa da safe ka auna sama da la'asar, don a ƙasashe masu zafi matsin iska da kansa yana hawa da sauka sau biyu kullum, yana kai ƙololuwa wajen ƙarfe 10 na safe da 10 na dare, kuma bambancin yakan kai 2 ko 3 hPa, ya isa ya ɓata maka lissafi gaba ɗaya. Irin wannan gwajin fa tsoho ne, a 1648 masanin kimiyya Blaise Pascal ya sa mijin yayarsa ya hau dutsen Puy de Dôme a Faransa da barometa ta mekuri, wato zaiba, shekara biyar bayan wani masani mai suna Torricelli ya ƙirƙiro ta a Italiya, su da gilashi mai tsawon kusan mita suka sha hawa, kai a aljihu take.

In tafiya ta kama ka zuwa Jos, wadda ke sama da teku da kamar mita 1,200, ranar dawowa ka shanye ruwan roba, ka bar robar a buɗe ta ɗan jima, ka ɗaure murfin tamau ka jefa a jaka. Ka iso Kano ka duba ta da asuba lokacin da gari ya yi sanyi, za ka ga ta ɗan lotsa. Na ce da asuba ne saboda zafin rana yana kumbura iskar ciki ya ɓoye maka abin. A jirgi ya fi fitowa, alhazanmu ku gwada, jirgi yana tashi kilomita 10 zuwa 12 amma cikinsa ana riƙe matsin kamar na tsauni mai mita 1,800 zuwa 2,400, rufe robar kuna sama, kafin ku sauka filin Malam Aminu Kano ta murɗe kamar an taka ta. Toshewar kunne ma daga nan take, haɗiyi yawu ko ka yi hamma.

Sai tukunya. Ruwa yana tafasa a digiri 100 a bakin teku, a Kano wajen 98, a Jos wajen 96, a kan Everest, dutsen da ya fi kowane tsawo a duniya, mai mita 8,849 kuwa kusan 70, domin in matsin iska ya ragu ruwa da wuri yake tafasa, kuma iskar can kashi ɗaya cikin uku ce ta bakin teku. Mai tamomita na girki, wato ma'aunin zafi, ya tsoma ya gani. Tafasa da wuri ba dahuwa da wuri ba ce, ruwan bai yi zafi sosai ba ne, shi ya sa wake ya fi taurin kai a kan tudu, tukunyar nan mai kullen murfi da ke huci kuma tana tara matsi a ciki har ruwa ya kai wajen 120.

Abu ɗaya da ba za ka iya gwadawa da sikelin gida ba shi ne raguwar jan ƙasa. Mutane na ɗauka wai a sama jan ne ke ƙarewa shi ya sa iska ta yi ƙaranci, ina! A kan Everest ko rabin kashi ɗaya cikin ɗari bai ragu ba, har tashar sararin samaniya da ke kilomita 400 tana jin kusan kashi 90 cikin ɗari nasa, yawon da kake gani 'yan sama jannati na yi faɗowa suke yi suna kewaya duniya. Don haka kada ka ɗauki sikeli ka hau Goron Dutse da niyyar rage ƙiba.