Kafin ka biya kuɗin fom ɗin karatun likita a Kumasi

Duk shekara, da zarar sakamakon WAEC ya fito, zauren gidanmu a Aboabo ba ya rabuwa da baƙi. Wani daga Kano, wani daga Sakkwato, wani daga Maraɗi ko Damagaram, kowa da ambulan a hammata da yaro ko yarinya a bayansa, an zo neman karatun likita. Na daɗe ina koyar da kimiyyar sinadarai a makarantar masu sake jarrabawa a nan Kumasi, shi ya sa mutanen zango suke turo min su. "Ku je wajen Malam, shi ya san kan takarda." Abin da na lura da shi a tsawon shekarun nan shi ne, yawancin yaran da suka koma gida hannu rabbana ba ƙwaƙwalwa ce ta gaza musu ba. Tsarin gida suka ɗauko suka zo da shi Ghana, alhali in kiɗa ya sauya, dole rawa ta sauya.

A nan babu JAMB. Kowace jami'a da nata fom da nata wa'adin. Wanda yake son jami'ar KNUST, wadda kowa a garin nan yake kira Tek, ita zai nema kai tsaye. Wanda yake son Jami'ar Ghana, mai makarantar likitanci a Korle Bu ta Akara, sai ya cike nata daban. Haka UDS ta Tamale, da ta Cape Coast, da UHAS ta garin Ho. Tunda babu wata jarrabawar gama-gari da za ta ɗaga ka, nauyin yana komawa kan takardar sakandare, kuma nan ne ɗan Najeriya yake fara tuntuɓe. Mun saba da "kiredit biyar har da Turanci da lissafi", sauran aikin a bar wa makin JAMB. A Ghana ƙirga maki ake yi: A1 maki ɗaya, B2 biyu, B3 uku, C4 huɗu, har zuwa ƙasa. A ɗauki darussa shida a tara, kuma wanda jimillarsa ta fi ƙanƙanta shi ne gwani. Jimillar 6, wato A1 shida reras, ita ce ƙololuwa, kuma 'yan ƙasa masu neman likitanci a manyan jami'o'in gwamnati kusa da nan suke cunkushewa. Ɗan waje yana da nasa layin, amma kada wannan ya ruɗe ka. Takarda mai C5 a sinadarai da C6 a fizis ba ta yin kwarjini a kan teburin da aka saba ganin A1. In sakamakon bai yi ƙarfi ba, gara a zauna a sake rubutawa. Akwai WAEC ta masu zaman kansu da ake yi a ƙarshen shekara, wadda a nan ake ce wa Nobdek, kuma shekara guda ta gyara ta fi shekara uku ta jeka-ka-dawo.

Mai takardar NECO ya tuna jarrabawar Najeriya ce kaɗai, ba ta yankin Afirka ta Yamma ba kamar WAEC. Ya rubuta wa ofishin ɗaukar ɗaliban waje na jami'ar ya tambaya, ya ajiye amsar a rubuce, kafin ya kashe ko sidi ɗaya. 'Yan'uwanmu na Nijar masu bakaloriya kuwa aikinsu biyu ne: a fassara takardun zuwa Turanci a wurin da hukuma ta yarda da shi, sannan a shirya wa tantancewa, domin hukumar GTEC mai kula da manyan makarantu, wadda aka kafa a 2020, ita ke auna darajar takardun da aka samo a waje. Wannan ba aikin kwana biyu ba ne.

Wani ƙaramin abu da yake rikita mutane a fom ɗin Tek: sunan kwas ɗin. Za ka yi ta neman inda aka rubuta likitanci, ka tarar da Human Biology. Shi ne. Shekara uku na farko ana yin su a harabar jami'a a ƙarƙashin wannan suna, sannan a koma asibitin koyarwa na Komfo Anokye a yi ukun ƙarshe a kan marasa lafiya, a fito da digirin MBChB. Na taɓa ganin yaron da ya tsallake shi ya zaɓi kwas ɗin nazarin halittu na tsangayar kimiyya, yana zaton duk tafiyar ɗaya ce. Sai da takardar shiga ta fito ya gane ya hau motar wani gari.

Yanzu ga abin da ya fi cin mutane, kuma a kansa zan daɗe.

Bara waccan wani Alhaji ya zo min da ɗansa bayan la'asar. Muka zauna a tabarma, ya zazzage ambulan. Na jera takardun uku a gabana: ta WAEC, fasfo, da takardar haihuwa. A ta farko sunan yaron Muhammad, a fasfo Mohammed, a ta haihuwa kuwa sunan kakansa ne ya zama sunan mahaifi. Ranar haihuwa ma biyu ce, ɗaya 1 ga Janairu irin wadda ake cike wa yara a makaranta, ɗaya ta gaskiya. Na ce, "Alhaji, a idon ma'aikacin ofis waɗannan mutum uku ne." Ya yi dariya ya ce, "Haba Malam, ai duk wanda ya gan shi ya san shi ne." Na ce masa wanda zai duba ba zai gan shi ba, kwamfuta ce da takarda. Mu Hausawa muna da sakaci a nan, domin a gida kowa ya san Mamman da Muhammadu da Mohammed duk suna ɗaya ne, ya san ana kiran mutum da sunan garinsu yau, gobe da sunan ubansa. Jami'a ba ta san wannan ba, hukumar shige da fice ba ta sani ba, kuma majalisar likitoci da za ta yi maka rajista bayan shekara shida ita ma ba za ta sani ba. A daidaita komai tun daga gida, in da rantsuwar kotu ake buƙata a yi ta can, kafin a hau mota.

Daga nan sai jarabar zama ɗan ƙasa na dare ɗaya. Ɗan waje da dalar Amurka ake yanka masa kuɗin makaranta, ɗan ƙasa da sidi, kuma tazarar ba kaɗan ba ce. To da yake zangon Kumasi cike yake da Hausawa tun zamanin fataken goro da suke zuwa Gwanja, kusan kowa yana da wani kawu ko goggo a Asawase ko Sabon Zango, sai a fara raɗa: "A yi masa katin Ghana kawai, wa zai gane?" Dokar ƙasar nan ta jini take bi. Wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ko ɗaya cikin kakanninsa ɗan Ghana ne yana da hanya ta halal, ya bi ta da hujjojinsa. Wanda ba shi da ita kuwa, ramin ƙarya ƙurarre ne: takardar sakandarensa ta Najeriya ce, firamarensa ta Najeriya ce, ga yatsunsa a na'ura. Ranar da abin ya tonu, ko yana aji biyar, karatun ne zai zube, kuma ya shafa wa Hausawan da aka haifi kakanninsu a nan, waɗanda dama suke fama da tambayar "kai ɗan ina ne" duk lokacin da suka je yin takarda. Dattawan unguwarmu ba su manta korar baƙi ta 1969 ba, kuma ba sa son wasa da wannan batu ko kaɗan.

Sai 'yan "ina da hanya". Ba su da ofis, sai lambar waya da babbar riga. Wani bawan Allah da na sani ya miƙa wa irinsu daloli a wata rumfar shayi kusa da Kejetiya, aka ba shi takardar shiga mai tambari da sa hannu, har walima aka yi a gida. Ranar rajista aka shigar da lambar yarinyar a kwamfuta, babu ita babu alamarta. Wayar mutumin kuma daga ranar a kashe take. Kuɗin fom a banki ake biya ko ta hanyar da jami'ar ta bayyana a shafinta na intanet, takardar shiga kuma daga shafin kake sauke ta da lambarka. Duk wanda ya ce a tura masa MoMo, wato kuɗi ta wayar hannu, a lambarsa don ya "taɓa wani a sama", gaishe shi ka wuce. In kana cikin gari, hau tirotiro, ƙaramar motar haya, zuwa mahaɗar Tek ka shiga ofishin da ƙafarka. Zuwa da kai ya fi aike.

Kan kuɗi, magana ɗaya ce: ka lissafa shekara shida, ba ɗaya ba. Iyaye da yawa suna sayar da fili su biya shekarar farko, suna cewa sauran Allah zai kawo. Allah yana kawowa, amma naira da sidi duk sun sha faɗuwa a gaban dala, ga ɗaki a Ayeduase ko Kotei, unguwannin da ke gefen Tek, da ake biya na shekara gaba ɗaya, ga abinci, ga littattafai, ga katin baƙi na NIA, hukumar katin shaida ta Ghana, da izinin zama da ake sabuntawa. Kwana 90 ɗin da yarjejeniyar ECOWAS ta ba ka na ziyara ne, ba na zaman karatu ba. Babu abin da ya fi ciwo kamar yaro ya kai aji huɗu a hana shi zama jarrabawa saboda bashi.

Haka kuma kada a zuba ƙwai duka a kwando ɗaya don kawai an saba jin sunan Tek ko Korle Bu. Tamale tana da makarantar likitanci da asibitin koyarwa, gari ne na Musulmi, Hausa tana ci a kasuwa, yanayin ma irin na gida. Akwai makarantu masu zaman kansu a Akara, amma kafin ka biya, tabbatar Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Ghana ta amince da su. In niyyarka ka koma Najeriya aiki, sani cewa MDCN, majalisar likitocin Najeriya, tana yi wa waɗanda suka yi karatu a waje jarrabawar tantancewa kafin ta ba su lasisi. Wanda kuma ya riga ya yi digiri a fannin kimiyya, akwai ƙofar masu digiri da ake kira GEMP, wadda ta fi gajarta. Shi ma fom ɗin yana ba da zaɓi fiye da ɗaya, kuma harhaɗa magunguna, likitancin haƙori, duba ido da aikin ɗakin gwaje-gwaje ba abin rainawa ba ne. Barin gurbin a wofi don fushi ko girman kai asara ce.

In an tsallake duk wannan, saura jarrabawar shiga da intabiyu, inda makarantar take yin su. Ba a fafe gora ranar tafiya. Nakan zaunar da yaran a zaure in yi musu tambayar da na san za ta zo: me ya sa kake son zama likita? Tara cikin goma, in ji ƙiyasina na zaure, amsa ɗaya suke bayarwa, wai suna son taimakon al'umma, kai a sunkuye, murya can ƙasa. Sunkuyar da kai a gaban manya tarbiyya ce a wurinmu, amma masu intabiyu rashin tabbas suke gani. Wata yarinya daga Zariya ta fara da wannan haddar, na ce, "'Yata, ajiye wannan. Wane mara lafiya kika taɓa zama da shi?" Ta yi shiru, sannan ta ba ni labarin watanni huɗu da ta yi tana jinyar kakarta mai ciwon suga, yadda ta koyi auna jini da safe, yadda take wanke gyambon ƙafa, da ranar da tsohuwar ta suma saboda ta sha magani ba ta ci abinci ba. Tana magana ta manta da kunya, ta ɗago kai. Na ce to wannan za ki faɗa, da Turanci, a hankali. Kunnenka ma yana bukatar sabo da Turancin mutanen nan, domin lafazinsu daban ne da namu. Ka kunna rediyon gari kullum, ka san ciwon da ya fi damun ƙasar, ka san akwai inshorar lafiya ta NHIS da yadda talaka yake amfani da ita. Ka kuma tambayi kanka tun yanzu ko za ka iya tsayawa a kan gawa a ɗakin koyon sassan jiki, domin ba a ɗauke wa kowa. Ɗaliban ƙungiyar Musulmi ta GMSA da suka riga ka shiga za su gaya maka yadda suka yi, kuma a masallacin jami'a za ka same su.

Yarinyar nan ta Zariya tana aji huɗu yanzu, ta koma ɓangaren Bantama kusa da asibitin, wanda mutanen gari suke kira Ji, daga sunan kamfanin da ya gina shi. Ran nan ta zo gaishe da mai ɗakina take ba mu labari: ranar farko a ɗakin marasa lafiya aka tura ta ta ɗauki bayanin wata tsohuwa, ta yi mata Turanci, ta gwada Hausa, tsohuwar sai kallonta take. Tuwi kaɗai take ji, harshen Asante. Yanzu kullum da safe sai ta tsaya wurin mai koko da ƙosai ta ƙofar masaukinsu, ta sayi na sidi biyar, ta karɓi kalma biyar: kai, ciki, zafi, jiri, tun yaushe. Ta nuna mana ɗan littafin da take rubuta su, duk gefensa ya yi mai.