Ba indomi ba ce ta lalace

Tun daga Samaru har Kwangila ƙasan motata ke ƙwaram-ƙwaram. Wani bakanike ya ce indomi ce ta mutu, wato katalis, tukunyar da ke tace hayaƙi a jikin salansa, sai an canja. Kuɗin ya tayar min da hankali.

Da injin ya huce, na shiga ramin duba ƙasan mota da tocila. Tukunyar da ke kusa da injin tana da sensa mai waya gaba da baya: ita ce katalis, cikinta kamar saƙar zuma, tana tace hayaƙi. Na bubbuga, shiru. Ta tsakiyar salansa ce ke kuka, ba waya ko ɗaya, aikinta gyara ƙara kawai. Da aka tsaga ta, bututu ne mai huji-huji, tsatsa ta cinye gindinsa.

Na ce wa mai walda, "Malam, wannan kaɗai za ka taɓa." Ya liƙe ta, ƙarar ta ɗauke.