Yadda na gyara yankan ƙarfe da ke fita a karkace

Alhamdu lillahi, fayif ya fara haɗuwa daidai wajen walda. Godiya ga Malam mai walda na unguwarmu a Jidda.

Matsalar ita ce fayif mai kusurwa huɗu, milimita 40 da 40, kauri milimita 2, duk na yanka da giranda sai bakin ya goce. Na koma zarton hannu mai haƙora 18 a inci, haƙoran suka riƙa kamawa suna karyewa. Ƙarfe siriri yana son mai 24 ko 32. Da na canza zarton, yankan ya yi kyau, amma aikin da yawa.

An ce in ɗaura faifan yankan ƙarfe a injin yankan katako. Kada ku fara, gudunsa kan zarce abin da aka rubuta a jikin faifan, ya tarwatse.

Na sayi injin yankan ƙarfe na tebur, na hannu (wato ba sabo ba), mai faifai milimita 355, wat 2,000, juyi 3,800 a minti. Shi ma ya karkace. Na kwance kusoshi biyu na katangar da ƙarfe ke jingina, na ɗora sukwaya, wato ma'aunin kusurwa, tsakaninta da faifan, na saita digiri 90, na ɗaure. Lambobin jikin injin ba abin dogaro ba ne. Sannan na tallafe wutsiyar fayif da katako, na daina danna hannu da ƙarfi, domin dannawar ke lanƙwasa faifan.

A tsofaffin gidajen Jidda a auna ƙarfin wutar soket tukuna, wasu volt 127 ne, injin kuwa 220 yake so.