Kafin ku sa a yanka muku gilashin akwatin murjani

Jama'a, in za ku haɗa akwatin gilashi na ruwan gishiri don kiwon kifi da murjani mai rai (halittar teku mai kama da dutse), ku sa faɗi ya kai tsayi, wato zurfin akwatin, ko ya fi shi. Kada tsayin ya wuce santimita 50.

Ga awon da nake ba da shawara: tsawo 120, faɗi 50, tsayi 50. Lita 300 ke nan.

Murjani da haske yake rayuwa, kuma hasken fitila na raguwa yayin da yake nutsawa cikin ruwa. Akwati mai zurfi sai fitila mai tsada, sai gilashi mai kauri saboda nauyin ruwa. Ga shi hannunku ba zai taɓo ƙasa ba ranar shara.

Abin da ya fi damuna a nan Yamai shi ne ɗaukewar wuta. Iska ta saman ruwa take shiga. In famfon da ke juya ruwan ya tsaya, akwati mai faɗin baki ya fi ba kifayenku lokaci. Ruwa mai yawa kuma ba ya saurin ɗaukar zafi a watan Afrilu.

Amma fa da hunturu faɗin nan na sa ruwa saurin ƙafewa, gishiri ya yi yawa. Ku riƙa cikawa kullum da tataccen ruwa marar gishiri.

In ɗakin ƙarami ne, ku rage tsawo zuwa 90, ku bar faɗin yadda yake.