Babi na 6: Neman Azurfa da Na'urar Gano Ƙarfe

Darasi na 1: Abin da ake nema

Akwai azurfar da ke fitowa tsantsarta daga ƙasa, falle-falle ko siraran zaruruwa a jikin dutse. Irinta aka samu a Kongsberg ta ƙasar Norwe a 1623, da garin Kobal na Kanada a 1903. A Najeriya kuwa azurfa tana ɓoye ne cikin dutsen dalma, wanda ake niƙawa a yi tozali, irin na yankin Abakaliki. Don haka wanda ya ɗauki na'ura a Kaduna kada ya sa ran cika buhu. Ƙusa da marfin kwalba za ku fi tonowa, kuma da su ake koyo.

Na'urar tana da faifai a ƙasa, da sanda, da akwatin maɓallai, da abin sawa a kunne. Faifan ne ke jiyo ƙarfe, akwatin ya yi ƙara.

Darasi na 2: Daidaita na'ura da ƙasa

'Yan'uwa, a nan aka fi tuntuɓe, sai mu bi a hankali. Jar ƙasarmu da marmara cike suke da sinadarin ƙarfe. Na'urar da ba a daidaita ba za ta yi ta kuka alhali babu komai a wurin.

Ku nemi fili mara ƙarfe. Ku kunna na'ura. Ku ɗaga faifai sama kamar santimita 30, wato tsawon rula ta 'yan makaranta. Ku danne maɓallin daidaita ƙasa. Ku sauke faifai har ya kusa taɓa ƙasa, saura faɗin yatsu biyu, ku sake ɗagawa. Sama, ƙasa, sama, ƙasa, har ƙarar ta tsaya bai ɗaya. Sannan ku saki maɓallin.

In ƙarar na canzawa duk lokacin da faifai ya sauka, ba ta daidaita ba. Ku sake, babu kunya a ciki. In har ta ƙi, wataƙila akwai ƙusa a ƙarƙashin wurin. Ku matsa taku biyar, ku fara daga farko: ɗaga, danne, sama, ƙasa.

Kun bar jar ƙasa kun shiga yashin rafi? Ku sake daidaitawa. An yi ruwa ƙasa ta jiƙe? Ku sake. Mutum ya tsallake wannan, ya wuni yana tonon ramukan banza, sannan ya dawo aji yana cewa na'ura jabu ce. Gaggawa ce, ba laifin na'ura ba.

Yanzu ku riƙa kaɗa faifai dama da hagu kamar mai sharar tsakar gida, a kwance, kusa da ƙasa, kada ya tashi a ƙarshen kaɗawa. Kowace kaɗawa ta hau rabin ta baya. Kafin ku fara, kun daidaita?

Darasi na 3: Gwada abin da aka tono

Azurfar da ta daɗe a ƙasa baƙa ce. Ku kankare gefe, cikinta fari ne mai sheƙi. Mayen ƙarfe ba ya kama ta. In an buga da guduma tana bajewa, dutsen tozali kuwa farfashewa yake yi. Dalma ma tana bajewa, amma farce na iya yi mata zane, ba ya yi wa azurfa. Azurfa giram 105, in an jefa ta cikin ruwa, mililita 10 take ɗaga shi.

Darasi na 4: Amfani da ita

Ku kai wa maƙerin farfaru ya gwada, ya yi zobe ko awarwaro. Sai zafi ya kai digiri 962 take narkewa. Kada a daka dutse ko a narka shi a gida. Ƙurar dalma ce ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010.

Darasi na 5: Izini

Ku nemi yardar mai gona da mai unguwa. Dokar ma'adinai ta 2007 ta ce haƙar ma'adini sai da lasisin gwamnatin tarayya. Ku cike kowane rami kafin ku tafi.