Yadda za a kawar da farin garin da ke taruwa a tiren ƙanƙara na silikon

A gidajen Hausawan Makka da Jidda da Madina, inda zafin bazara kan kai digiri 45 har ya wuce, tiren ƙanƙara ba ya hutu, musamman ma a watan azumi da ake buƙatar ƙanƙara domin zoɓo da sobiya da kunun aya. Mata da yawa sun bar tiren roba mai tauri sun koma na silikon, saboda yana lanƙwasuwa kuma ƙanƙarar tana fita da danna yatsa kawai, sai dai bayan 'yan makonni sukan tarar da wani fari-fari ya manne a gindin ramukan, wani lokaci ma har ya riƙa yawo a cikin kofi idan ƙanƙarar ta narke. Abin da ya kamata uwargida ta fara sani shi ne, galibi wannan farin daga ruwa yake fitowa ba daga tiren ba, don haka sayen sabon tire ba zai magance komai ba muddin ruwan da ake zubawa bai canza ba.

Ruwan sha, komai garai-garai ɗinsa, yana ɗauke da gishirin ƙasa da ya narke a ciki, mafi yawa sinadarin kalsiyam da magnesiyam. Idan ruwa ya fara daskarewa, ƙanƙarar ba ta karɓar wannan gishiri, tana tura shi ne zuwa sauran ruwan da bai daskare ba, har sai ya taru ya yi yawan da ruwan ba zai iya riƙe shi ba, sai ya fito a matsayin gari. Silikon ba ya saurin ɗaukar sanyi kamar ƙarfe, saboda haka saman ruwan da iskar firiza ke bugawa shi ke riga daskarewa, gishirin kuma ya tattaru can ƙasa, wanda shi ya sa farin ya fi yawa a gindin rami da kusurwoyinsa. Akwai kuma wani dalili da ba a cika lura da shi ba: firizar zamani wadda ba ta tara ƙanƙara a bangonta tana busa busasshiyar iska, iskar kuma tana cinye ƙanƙarar da aka bari a buɗe sannu a hankali ba tare da ta narke ba. Duk wadda ta taɓa mantawa da tire na wata guda ta ga yadda ƙwayoyin suka ƙanƙance. Ruwan ya tafi, gishirinsa ya zauna a jikin tiren.

Wani zai ce ai ruwan Saudiyya daga teku ake tace shi, ina zai sami gishirin ƙasa? Gaskiya ne cewa mafi yawan ruwan Makka da Jidda yana zuwa daga matatun Shu'aiba da ke gaɓar Bahar Maliya kudu da Jidda, na Madina daga Yanbu, na Riyad kuma daga Jubail da Ra'asul Khair, amma ruwan da aka cire wa gishiri gaba ɗaya yana cin bututu kuma ba shi da daɗin sha, don haka da gangan ake mayar masa da kalsiyam, ko a gauraya shi da ruwan rijiya kafin a tura shi gari. Bayan haka ruwan yakan kwana a tankin ƙasa na siminti, ya hau tankin saman bene, kuma gidan da ke sayen ruwan wayit, wato na motar tanka, idan famfo ya ɗauke ba kullum yake sanin rijiya ce ko matata aka ɗebo shi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ruwan da taurinsa, wato yawan kalsiyam da magnesiyam ɗin da ke cikinsa, ya haura kimanin miligiram 200 a kowace lita yana iya barin ɓawo a bututu da kwanuka. Ba sai an je ɗakin gwaji ba kafin a gane hakan, a leƙa cikin butar lantarki da ake dafa ruwan shayi: idan gindinta ya yi farin ɓawo, to abin da ke cikin tiren ɗan uwansa ne.

Kafin a fara wanki, yana da kyau a tantance irin farin da ake fama da shi, domin iri uku ne kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. A bar tiren ya bushe sarai, sannan a goga yatsa a gindin rami. Idan ya fito kamar gari, yana da ɗan kaushi a yatsa, gishirin ruwa ne, kuma idan aka ɗiga masa ruwan khal, wato vinegar, ana iya ganin ƙananan kumfa suna tashi. Idan kuwa yana da santsi ko danƙo, ba ya gogewa sai dai ya shafu, wannan ragowar sabulu ce da maiƙo, domin silikon yana korar ruwa amma yana riƙe mai, kuma sabulun da ya haɗu da ruwa mai tauri yakan bar wani farin datti a jikin kwano. Na ukun shi ne wanda farin yake cikin jikin robar kanta, ba ya gogewa ko kaɗan, robar ta yi gautsi ko tana ɓarɓashewa. Wannan tire ya gama aiki, a jefar da shi.

Gishirin ruwa shi ne ya fi yawa, kuma tsami ne maganinsa. Mafi yawansa sinadari ɗaya ne da na ɓawon ƙwai, ba guba ba ne, wanda ya riga ya sha shi a cikin lemo bai kamata ya tayar da hankalinsa ba, amma yana ɓata ɗanɗano kuma ba ya kyau a gaban baƙo. A sami farin ruwan khal na girki, wanda tsaminsa yake kashi 5 cikin 100 ko kusa da haka, a haɗa shi daidai wa daida da ruwan ɗumi a cikin roba mai faɗi, a nutsa tiren ciki har ya cika kowane rami. Silikon yakan taso sama idan iska ta maƙale a ramukan, saboda haka a juya shi a matse iskar, a ɗora faranti a kai ya danne shi. Minti 20 zuwa 30 ya isa ga farin da bai daɗe ba, wanda ya yi kauri kuma a ba shi awa guda. Daga nan sai a turo kowane rami ta baya ya fito waje, wanda shi ne babban sauƙin da silikon yake da shi a kan roba mai tauri, a goge da soso mai laushi ko tsohon buroshin haƙori da aka ware don wannan aiki. Kada a kusanto da soson ƙarfe ko ɓangaren soso mai kaushi, domin ƙarcen da zai bari ba ya gyaruwa, kuma a cikinsa gishirin zai fi samun wurin zama a karo na gaba.

A ganina, ga wanda ke zaune a Saudiyya, gishirin lemon tsami da ake sayarwa a shagunan kayan ƙamshi da bakala, wato kantunan unguwa, da sunan milhul laimun ya fi ruwan khal dacewa da wannan aiki. Dalili kuwa shi ne silikon yana kama wari ƙwarai, kuma warin khal yakan biyo ƙanƙarar farko da ta biyu idan ba a ɗauraye da kyau ba, alhali shi wannan gishirin ba shi da wari. Babban cokali ɗaya a cikin lita ɗaya ta ruwan zafi ya wadatar, a jiƙa na tsawon lokacin da aka ambata. Ruwan lemon tsami da aka matse ma yana aiki, sai dai tsada ce kawai da ɓarnar lemo. Tsamiya kuwa, duk da tana da tsami, tana da zaƙi da launi da za su iya rina tire mai haske, gara a bar ta a kunu. Idan an jiƙa sau ɗaya farin bai fita duka ba, kuma bai yi kumfa da khal ba, mai yiwuwa wani nau'in gishirin kalsiyam ne da tsami ba ya saurin narkarwa, irin wanda ake samu a wasu ruwan rijiya. Shi wannan haƙuri yake so: a sake jiƙawa cikin sabon haɗi, a goge, a ɗauraye da ruwan kwalba.

Akwai kurakurai biyu da suka zama ruwan dare. Na farko shi ne haɗa khal da bekin soda a kwano ɗaya saboda kumfar da suke yi tana ba da sha'awa, alhali kumfar alama ce ta cewa ɗaya ya kashe ƙarfin ɗaya, abin da ya rage bai wuce ruwan gishiri ba. Haka ita ma kanwa, wadda muka saba da ita a girki da wanki, kishiyar tsami ce, ba ta narkar da gishirin kalsiyam, tana ma iya sa ruwa mai tauri ya ƙara zubar da shi. Kuskure na biyu ya fi haɗari, wato haɗa khal ko gishirin lemon tsami da bilic irin su Clorox, domin haɗin yana fitar da iskar kulorin mai ƙona ido da huhu, kuma ɗakin girki a yawancin gidajen haya ƙarami ne, tagarsa a rufe saboda na'urar sanyaya ɗaki. Bilic ba ya cire gishirin ruwa ko kaɗan, babu dalilin kawo shi cikin wannan aiki.

Idan farin na sabulu da maiƙo ne, a nan bekin soda take da amfani, amma ita kaɗai. A wanke tiren da ruwa mai zafi sosai da ɗigo kaɗan na sabulun wanke-wanke marar ƙamshi, sannan a dama bekin soda da ruwa ta yi kauri, a shafe ramukan, a bar ta ta kusa bushewa, a wanke da ruwan zafi. Wannan matsala ta fi samun masu daskarar da romo ko markaɗaɗɗen tattasai da tafarnuwa a tire ɗaya da na ƙanƙarar sha, kuma maganinta na dindindin shi ne a ware tire biyu masu launi daban. Tiren da ya riga ya kama warin tafarnuwa ana iya tafasa shi na minti 10 a tukunya, domin silikon na gaskiya yana jure zafi har sama da digiri 200, amma da sharaɗin ba shi da baki ko murfi na roba mai tauri, wanda zai iya lanƙwashewa.

Ɗauraya da busarwa su ne matakin da aka fi yi wa sakaci, kuma a nan aikin yake lalacewa. Idan aka ɗauraye tiren da ruwan famfo aka kife shi ya bushe da kansa, kowane ɗigo zai bushe ya bar nasa gishirin, gobe a ga farin ya dawo a ce maganin bai yi ba. Ɗauraya ta ƙarshe a yi ta da ruwan sha na kwalba ko na tacewa, a kakkaɓe, a goge kowane rami da tsumma mai tsabta wanda ba ya zubar da zare, domin silikon yana kama zare da ƙura.

Hana dawowarsa ya dogara ne kacokan a kan ruwan da ake zubawa. A jikin kowace kwalbar ruwa da ake sayarwa a ƙasar an rubuta jimillar gishirin da ke narke a ciki da adadin kalsiyam, sai a zaɓi mai ƙaramin adadi don ƙanƙara. Gidan da ke da na'urar tace ruwa a ƙarƙashin wurin wanke-wanke ya riga ya sami mafita, muddin ana canza matatunta a kan lokaci, kuma dawowar fari a tire bayan an daɗe ba a gan shi ba yakan nuna cewa lokacin canjin ya yi. Wadda ba ta da ko ɗaya tana iya tafasa ruwan famfo ta bar shi ya huce, ta tsiyaye na sama ta bar na gindi, domin tafasa tana sa wani kaso na kalsiyam ya kwanta a tukunya, ko da yake ba duka ba. Shi ma ruwan Zamzam gishirinsa ya fi na yawancin ruwan kwalba, saboda haka wanda ya daskarar da shi ya ga fari-fari kada ya zaci gurɓata ya yi, amma ya fi sauƙi a sanyaya shi a cikin firij kawai. Da zarar ƙanƙara ta yi, a juye ta cikin leda mai zif ko roba mai murfi maimakon a bar ta a tire, a ɗauraye tiren kafin a sake cikawa, kada a ƙara ruwa a kan guntun ƙanƙarar jiya, domin hakan tara gishiri ne a kan gishiri. Firiza ta tsaya a digiri 18 ƙasa da sifili, tiren kuma a rufe shi idan yana da murfi.

Game da sayen sabo, tiren shagunan kayan araha da ake kira abu riyalain ba duka ne marasa kyau ba, amma wanda yake tashin warin roba tun yana sabo, ko yake barin maiƙo a hannu, a bar shi a kan kanta. A duba alamar kofi da cokali mai yatsu da ke nuna an yi shi don abinci, ko rubutun LFGB, wato ƙa'idar Jamus ta kayan da ke taɓa abinci. Mutane sukan murɗa silikon su ga ko zai yi fari a wurin murɗawar, su ce wanda ya yi fari an cakuɗa shi da wasu abubuwa. Gwajin yana ba da ɗan haske, amma ba hujja ba ce yankakkiya, don haka kada a dogara da shi shi kaɗai. Tire mai duhun launi ya fi nuna farin gari, mai haske kuma yana ɓoye shi ne kawai ba wai ba ya tarawa ba. Idan kuwa tabon da aka gani baƙi ne ko kore ko ruwan hoda, wannan ba gishiri ba ne, fumfuna ce ko ƙwayoyin cuta da suka samu saboda an ajiye tiren da danshi a cikin kabad. A wanke shi da sabulu a tafasa, idan tabon bai fita ba a sayi wani, sannan a sa a duba tankin ruwan gidan ko lokacin wanke shi ya wuce.